Bayan baftisma, wa zai riƙe su?

Dattijo Ishaya, Sabon Tasha:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu tauna a nan kafin zaman dattawa na ƙarshen wata. Kowace shekara muna yin baftisma gab da Kirsimeti. A yi watanni ana aji, a yi jarrabawa, a sa fararen kaya, a ɗauki hoto, a ci shinkafa. Kafin Ista ta zagayo, in ka waiwaya cikin majami'a sai ka ga da yawansu babu su. Ba wani addini suka koma ba, wasu ko wata ikilisiya ba su koma ba, sulalewa kawai suka yi. Kwamitin ilimin Kirista ya ce a buɗe aji na biyu, a sayo littafin almajiranci, a riƙa zama kowace Asabar da yamma. Ni kuwa na ce a raba su gida-gida. Kowane sabon mai bi a damƙa shi hannun wani iyali, ya riƙa shiga yana fita, ya ci abinci a can, a san inda yake kwana da abin da yake yi da rana. Aka ce mini wannan tsohon yayi ne, mutanen birni ba su da lokaci. Ku me kuka gani?

Fasto Yohanna, Jos:
Salama Baba. Na ji damuwarka, kuma ba ikilisiyarku kaɗai ba ce. Amma kada a yi saurin raina aji. Umarnin da ke Matiyu 28 ya haɗa baftisma da koyarwa, kuma koyarwa tana son tsari. In ka ɗauki yaro ka kai shi gidan dattijon da shi kansa bai iya bayyana ceto ta wurin alheri ba, me zai ɗauko? Na taɓa jin wani babba a ikilisiya yana gaya wa sabon tuba cewa in bai biya zakka ba addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki. A aji aƙalla mun san abin da ake koyarwa, mun san wanda ke koyarwa.

Mama Saratu, Kafanchan:
Baba Fasto, da girmamawa nake magana. Na daɗe cikin Matan Zumunta, na koyar da aji, na zauna a aji. Har yau babu macen da ta taɓa ɗaga hannu a cikin aji ta ce mijina yana dukana, ko ta ce ina da ciki kuma ban yi aure ba. A madafi ake faɗin wannan, ana tsintar wake, bayan ta zo gidanka sau da yawa ta ga ba ki kai maganarta waje. Titus 2 bai ce a tara 'yan mata a zaure a ba su takarda ba, ya ce tsofaffin mata su koya wa ƙanana yadda za su ƙaunaci mazansu da 'ya'yansu su kuma riƙe gida. A ina za ta ga haka in ba a cikin gidan ba? Sai ta ga ranar da Baba ya ɓata mini rai da yadda muka ƙare, sannan ta yarda abin da ake faɗa ranar Lahadi yana yiwuwa ranar Talata.

Danladi:
Mama gaskiya kika faɗa, amma a duba aljihu. Ni ƙarfe biyar na asuba nake fita da keke, sai tara na dare in dawo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda mudun shinkafa ya koma. A ce in ƙara baki ɗaya a kwanon gidana? Ba rowa ba ce, lissafi ne.

Mama Saratu, Kafanchan:
Ɗana Danladi, wa ya ce shinkafa? Abin da kuka ci shi zai ci, ko gwate ne. In ba ka gida da rana, ɗauke shi a keken ranar Asabar ya zauna gefenka. Zai ga yadda kake yi da fasinjan da ya zage ka, zai ga ko kana mayar da canjin da aka manta.

Danladi:
To ai nan ne matsalar Mama, zai ga abin da ban so ya gani ba 😂

Rahila, Samaru:
Ina kwana iyayena. Ku yi haƙuri, ni zan zo ta wani gefe, domin mu ɗalibai mun ga ɗaya fuskar wannan abu. A makaranta yanzu kowa yana da Dadi ko Mami na ruhaniya. Da farko addu'a ce da karatun Littafi. Daga baya sai ya zama ba ka tafiya hutu sai ka nemi izini, ba ka kula saurayi sai Dadi ya ce ya ga wahayi, kuɗin makarantarka ma sai ka cire wani abu ka shuka iri a rayuwarsa. Wata ƙawata a ɗakinmu, mutumin da ke cewa yana renonta cikin Ubangiji ya fara kiranta ƙarfe ɗaya na dare wai Ruhu ya tashe shi dominta. Ya san duk asirinta domin ita ta faɗa masa da bakinta, a matsayin uba. Da ta so janyewa sai ya ce tawaye take yi wa shafaffe, kuma ya fara sakin maganganunta a cikin wa'azi ba tare da kiran suna ba. Yau ko ƙofar majami'a ba ta son gani. Don haka in na ji an ce a damƙa sabon tuba a hannun mutum ɗaya, gabana faɗuwa yake yi. A aji aƙalla akwai idon jama'a.

Fasto Yohanna, Jos:
Rahila 'yata, kin faɗi abin da nake kewaye-kewaye a kai. Wannan ciwo tsoho ne, tun a Koranti ake cewa ni na Bulus ne, ni na Afolos ne. Allah ya warkar da ƙawarki.

Dattijo Ishaya, Sabon Tasha:
Rahila, na gode da ba ki ɓoye ba. Amma ki lura da abu ɗaya. Mutumin nan shi ya naɗa kansa, ba wanda ya aike shi, ba wanda yake tambayarsa. Kuma me ya sa ƙawarki ta faɗa hannunsa? Domin tana neman wanda zai san sunanta, ikilisiya kuma ba ta ba ta kowa ba. In mun ƙi yi don tsoron masu ɓatawa, yaran ba za su zauna haka ba, za su je su nemo da kansu a TikTok.

Malam Haruna, Wusasa:
Ku ba ni wuri in sa baki, domin wanda ya ce wannan tsohon yayi ne ya yi gaskiya ba da niyya ba. Da shi aka fara. Likita Mila, Baturen mishan na CMS ta Anglikan, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, kuma abin da aka fi saninsa da shi, ban da fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, shi ne yaran da ya tara a gidansa. Tare suke ci, tare suke karatu, yana musu magani, yana musu faɗa. Da Isawa suka zo, mutanen nan da suka riƙe koyarwar Malam Ibrahim a kan Annabi Isa, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, yaran da suka tsira da yawa a hannun mishan suka tashi. Daga baya aka komo Wusasa wajen 1929. Daga wannan ƙaramin gari ne Dokta Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa. Janar Gowon ma a nan ya yi ƙuruciyarsa, mahaifinsa mai aikin bishara ne. Ku dubi Byang Kato na Kwoi. Kafin ya je karatu Igbaja da Landan da Dalas, kafin ya zama babban sakataren ikilisiyar ECWA a 1967, yaro ne da wata 'yar mishan, Mary Haas, ta sa wa ido ta ƙi sakinsa. Ya rasu a 1975 bai cika arba'in ba, amma har yau ana karanta shi a makarantun tauhidi. Ba kwamiti ne ya gano shi ba.

Danladi:
Malam Tarihi ya iso, a shimfiɗa tabarma.

Rahila, Samaru:
Baba Haruna, amma ba a ce Turawan nan sun riƙe yaran kamar mallakarsu ba? Har wasu suka tashi ba su san 'yan'uwansu na jini ba?

Malam Haruna, Wusasa:
An faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Mila mutum ne mai zafi da son a bi ra'ayinsa, kuma gidan mishan ya raba wasu da danginsu fiye da yadda bishara ta nema. Shi ya sa ni na fi son misalin shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, da ya taso a shekarun 1960 daga wajen Kagoro ya bazu har ƙetaren Nijeriya. Can ba a jira Bature ko Rabaran ba. Ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne a gidaje, manomi da tela da matar aure, su fita biyu-biyu, wanda ya tuba kuma maƙwabcin da ya kawo shi ne zai ci gaba da bibiyarsa. Iyayenmu da yawa ta nan suka shigo. Akwai ɗan littafi da ake bi, Fasto ka ji, ba a yar da koyarwa ba. Amma a tsakar gida ake buɗe shi.

Mai Bishara Audu:
Salama. Sai yanzu na samu sabis, na hau tudu ne. Ni ina aiki a ƙauyukan Maguzawa ta wajen Malumfashi, kuma muhawarar aji ko gida ba ta taso mana ba, domin rabin mutanena ba sa karatu. Littafin da kwamiti zai saya, a nan sai dai a ƙulle ƙosai da shi. Abin da nake yi, in damina ta faɗi ina bin mutum gonarsa da fartanyata. A bakin kunya muke haddace aya. Da dare a saurari Linjila a katin waya.

Ga inda ake gane an riƙe mutum ko ba a riƙe shi ba: ranar da ɗansa ya kama zazzaɓi da tsakar dare yana sanƙarewa. Uwarsa da baffanninsa za su taso su ce iskokin gida ne suka yi fushi don ya daina yanka musu, a kawo baƙin bunsuru. A wannan daren ba abin da ya ci a jarrabawar baftisma ne zai tsai da shi ba. Tambayar ita ce, akwai ƙofar da zai iya bugawa ƙarfe biyu? In ya bugo tawa, mu yi addu'a, in ɗora yaron a babur mu nufi asibiti. In babu ƙofa, bunsuru zai mutu, kuma kunya za ta hana shi dawowa sujada.

Amma in gaya muku wahalar da ba ku ambata ba. Kuɗi. Da ka matso kusa da mutum, buƙatarsa ta zama taka. Yau taki, gobe sadaki, jibi bashin da ya ci tun yana shan burkutu. In ka ba, wasu su fara tuba don taki. In ka hana, a ce ina ƙaunar da kake wa'azi. Ni kaina albashina ba ya kai ƙarshen wata.

Fasto Yohanna, Jos:
Ɗan'uwa Audu, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Yaya kake yi da maganar kuɗin?

Mai Bishara Audu:
Ba na ba da rance daga aljihuna, domin wanda kake bi bashi ba ya son haɗuwa da kai a hanya. Abinci da magani ina bayarwa kyauta in akwai. Abin da ya wuce haka ina kai shi gaban ikilisiya, a yi gayya a gonarsa ko a cire daga baikon taimako, kowa ya sani. Ta haka godiyarsa ba ta tsaya a kaina ba.

Mama Saratu, Kafanchan:
Wannan ita ce amsar Rahila ma. Yarinyar da nake riƙo, ba ni kaɗai ta sani ba. Ina tura ta wurin wata ta koyi ɗinki, ina haɗa ta da 'yan kwaya. In bayan shekara biyu har yanzu ba ta iya yanke shawarar komai sai ta kira ni, to ban yi aiki ba.

Bulus, Mubi:
Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ina karantawa tun ɗazu, ban so yin magana ba, amma bari in faɗi kaɗan. A ƙarshen Oktoba 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi suka kuma kama hedkwatarmu a Kwarhi, ba aji, ba majami'a, ba rajista. Fastoci ma gudu suke da iyalansu. Mun bi ta duwatsu zuwa Kamaru, daga baya Yola. Ina da shekara goma sha tara, ban daɗe da baftisma ba, kuma na riga na yanke a zuciyata cewa in Allah yana nan to ba ruwansa da mu. Wani tsoho kafinta da muke unguwa ɗaya, ba dattijon ikilisiya ba ne, ko sanarwa bai taɓa yi a gaba ba, shi ya riƙe ni. Bai yi mini gardama ba ko sau ɗaya. Da asuba zai tashe ni ya ce karanta mini Zabura, idona ba ya gani sosai. Daga baya na gane idonsa lafiya lau. An kashe ɗansa a wannan gudun, ina ji yana kuka da dare, da safe kuma ya ce karanta mini. Ikilisiyarmu ta fara ne a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923, mun kuma koma ƙarƙashin itace a 2014, kuma abin da ya rage mana a lokacin shi ne wa ya san wa.

Rahila, Samaru:
Kai. Allah ya saka wa wannan Baba.

Fasto Yohanna, Jos:
Amin. Amma Bulus, ka lura Zabura ya sa ka karanta, ba mafarkinsa ya ba ka labari ba. Nan ne bambancinsa da Dadin su Rahila. Ni ban ƙi gida ba, abin da na ƙi shi ne gida ba Littafi. Bilkisu da Akila sun ja Afolos gefe, ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, amma abin da suka yi a gefen shi ne ƙara bayyana masa hanyar Allah daidai. Kuma Timoti da muke yawan ambata, kafin Manzo Bulus ya ɗauke shi yawo, kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki sun riga sun sa masa Nassi tun yana ƙarami.

Iliya, Maraɗi:
Salama daga Nijar. Mu nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa, daga Maraɗi har Tsibiri har Galmi inda likitar mishan take tun 1950. Sabon mai bi ba ya ɓacewa a cikinmu, in bai zo ba Lahadi ɗaya kafin la'asar an je gidansa. Inda muke asarar yara shi ne in sun gama lakwal sun tafi jami'a a Yamai, ko sun tafi neman kuɗi Agadas ko Legas. Ana ba su takarda daga ikilisiya, takardar ta tsufa cikin jaka. Yanzu abin da muke yi, kafin yaro ya hau mota an kira wani a can, an ba shi sunan tashar da lokacin isowa, ya zo ya tarbe shi ya kai shi gida ya ci tuwo. Manzo Bulus ma haka ya yi wa Fibi a Romawa 16, ya ce ku karɓe ta ku taimake ta. Baba Ishaya, ku bincika, wataƙila cikin waɗanda kuke cewa sun sulale akwai waɗanda aiki ne ya kai su Abuja ba wanda ya sani.

Dattijo Ishaya, Sabon Tasha:
Iliya, ka taɓo wani wuri. Akwai wata yarinya cikin na bara, jiya na ji wai tana aikin gida a Ungwan Boro, uwar ɗakinta ba ta barinta fita ranar Lahadi. Mu kuma muna nan mun rubuta ta cikin masu ja da baya.

Ga abin da zan kai gaban dattawa. Ajin Asabar ya tsaya, amma sau ɗaya a wata, kuma masu riƙon su ma su zauna a ciki, don Fasto ya ji abin da suke koyarwa. Ikilisiya ce za ta haɗa mutum da gida, ba wanda zai zaɓi nasa. Namiji da namiji, mace da mace, ko kuma miji da mata tare. Ba rance. Shekara ɗaya, sannan a sake dubawa.

Fasto Yohanna, Jos:
Na yarda da duka ban da sau ɗaya a wata. Ya yi kaɗan Baba. Sau biyu. Kuma kada a ɗauka duk mai furfura ya isa riƙo. Akwai dattijon da gidansa in ka kai sabon tuba, ka kai shi makarantar gulma ne.

Danladi:
Kuma wa zai ɗauki masu wuyar? Kowa zai so yarinya mai ladabi da ke cikin kwaya. Yaron da ke shan ƙwaya ta ɗaya ma'anar fa, wanda in ya shigo gidanka sai ka ɓoye waya? Barnaba ya ɗauki Markus bayan Bulus ya ƙi shi, amma a majalisarku wa zai zama Barnaba?

Dattijo Ishaya, Sabon Tasha:
Akwai guda biyu irinsu a cikin na bana. Ɗaya zan ɗauka, na riga na yi magana da Maman yara, ta ce to amma a sa wa ɗakin ajiya kwaɗo. Ɗayan kuma, Danladi, kujerar gefen kekenka babu kowa ranar Asabar.

Danladi:
Baba ni tambaya kawai na yi fa.

Rahila, Samaru:
Baba Ishaya, saura abu ɗaya da ban ji a jerin ba. In mai riƙon ne ya fara abin da bai kamata ba, wurin wa yaron zai kai ƙara? Kada ku ce dattawa, domin wataƙila shi kansa dattijo ne, abokansa ne za su zauna a kan maganar. A ba kowane sabon mai bi sunan mutum na biyu da zai iya kai wa ƙara tun ranar farko, a gaya masa a fili cewa in ya ce a canza masa gida ba zunubi ya yi ba, kuma ba sai ya kawo dalili ba. Ga 'yan mata, mutum na biyun ya zama mace.

Fasto Yohanna, Jos:
Ba sai ya kawo dalili ba? Wannan zai sa wanda aka tsauta wa kan gaskiya ya riƙa tsalle daga gida zuwa gida.

Rahila, Samaru:
Gara ya yi tsalle sau uku Baba Fasto, da a tilasta wa yarinya ta tsaya gaban maza bakwai tana bayanin abin da aka yi mata.

Dattijo Ishaya, Sabon Tasha:
Zan rubuta shi yadda kika faɗa, in sun ƙi zan dawo in gaya muku wanda ya ƙi da hujjarsa.

Mama Saratu, Kafanchan:
Baba Ishaya, yarinyar nan ta Ungwan Boro, turo mini sunanta ta gefe, kada ka sa a nan. Ƙanwata tana sayar da kayan miya a kasuwar wajen, kuma duk mai aikin gida sai an aike ta cefane.